Daga Kakuri Zuwa Kwatano: Motar Dogon Zango da Hanyoyin Biyan Kuɗinta a Arewa

Nisan da ke tsakanin garuruwan Arewa shi ne malamin farko da ya koya wa mutanenta lissafin mota. Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, zuwa Maiduguri ya doshi 600, wanda kuwa ya nufi Legas sai ya cinye fiye da 1,000 kafin ya shaƙi iskar teku. Direban hayar da ke jigila tsakanin Kano da Kaduna, idan yana zuwa ya dawo sau ɗaya a yini, kwana shida a mako, zai tara wajen kilomita 140,000 kafin shekara ta zagayo. Tafiyar da motar ma'aikaci a Turai kan yi shekara goma tana haɗawa ke nan. A irin wannan aiki, kuɗin da aka ƙirga ranar ciniki somin-taɓi ne. Ragowar farashin mota ana biyansa ne a gidan mai, da gaban bakanike, da ranakun da ta kwana a gareji ba ta kawo ko sisi ba, wani lokaci kuma a gadon asibiti.

Tambayar wace mota ce mai sauƙi ga mai dogon zango tsohuwa ce a tashoshinmu, kuma amsarta ta sauya fiye da sau ɗaya cikin shekaru sittin. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, a kowane zamani hanyar da ake samun kuɗin saye ce take zaɓa wa direba mota tun kafin ya je wurin dillali. Lokacin da ƙofar rance take a buɗe, mutane sun sayi ƙarfi da ƙarko. Da ta rufe, sai suka koma sayen abin da aljihu zai iya ɗauka a rana ɗaya, suka bar wa hanya ta karɓi cikon.

Zamanin kanti da biya kaɗan-kaɗan

Har zuwa shekarun farko na mulkin kai, doguwar tafiya ta jirgin ƙasa ce, wanda ya iso Kano tun 1911, sai kuma manyan motoci masu bodin katako da ke ɗaukar buhunan gyaɗa a ƙasa, fasinja a bisa. Ƙaramar mota ta Bature ce, da sarki, da attajiri, da babban ma'aikacin En'e. Manyan kamfanonin ciniki na Turawa su ne wakilan masu ƙera motoci: SCOA na kawo Peugeot, Leventis na kawo Mercedes, Mandilas na kawo Volkswagen, daga baya R.T. Briscoe ya riƙe Toyota.

Waɗannan kamfanoni ba su jira mutum ya tara kuɗin mota cif ba. Sukan karɓi wani kaso a hannu, su raba sauran wata-wata, amma mota tana nan mallakar kamfani har sai an biya sisin ƙarshe. Tsarin ya tsayar da mutane da dama da ƙafafunsu, ya kuma durƙusar da wasu, domin wanda ya biya wata goma sha takwas ya gaza na goma sha tara, ana iya zuwa a ɗauke motar, abin da ya zuba a baya ya tafi a matsayin kuɗin haya. Kuka ya yi yawa har majalisar tarayya ta yi doka a kan wannan ciniki a 1965, wadda ta fara aiki a 1968. Dokar ta ce idan mai karɓar mota ya biya kashi uku cikin biyar na farashinta, mai ita ba shi da ikon ƙwace ta sai ta hannun kotu. Za mu sake cin karo da irin wannan ciniki nan gaba, a inda hannun dokar bai cika kaiwa ba.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila, ta bi sahun maƙwabtanta da tuni suke tuƙi a hannun dama. Sauyin ya kawar da fifikon da motocin Ingila suke da shi, ya buɗe wa na Faransa da Jamus hanya. Peugeot kuwa, wadda bakin Bahaushe ya mayar Fijo, ta riga ta yi suna da 404, motar da ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, a kan hanyoyin laka da ƙura da duwatsu. Samfurinta mai buɗaɗɗen baya shi ne a-kori-kurar da ke kai hatsi da awaki kasuwannin ƙauye. Sunan ma kansa tarihi ne, domin kurar da ake turawa da hannu ta zo ta kora.

Kakuri

An yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a Disamba 1972, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin na Faransa, aka buɗe masana'antarsa a 1975 a unguwar Kakuri ta Kaduna, kusa da masaƙu. A shekarar ne tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti da suka yi watanni suna jiran sauke kaya. Mafitar da aka samo ta ba da mamaki: aka riƙa loda sassan motoci a jiragen sama daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin Kano, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Kaduna. An shafe shekaru ana haka. Ƙasar da take iya ɗauko ƙofar mota da injinta ta sama, motar kuma ta fito a farashin da malamin sakandare zai iya tunkara, ƙasa ce da kuɗinta yake da nauyi. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi.

Motar da ta zama fuskar wannan masana'anta ita ce 504. An fara nuna ta a Paris a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci Safari a 1975. Amma ƙirarta ce ta zaunar da ita a nan. Gindinta a ɗage yake daga ƙasa, sifirin ɗinta dogaye ne masu laushi, suna shanye rami ba tare da sun karya kwankwason fasinja ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, abin da ke ƙara mata riƙon ƙasa idan kaya ya danne bayanta, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga dutse da yashi. Injin fetur ɗinta, mai silinda huɗu da bai wuce lita biyu ba, an yi shi ne yadda za a iya sabunta shi: bututun da fistin ke kai-kawo a ciki ana zare shi a sa sabo, a canza fistin da zobbansa, injin da ya gaji ya tashi kamar jiya aka ƙera shi. Babu kwamfuta a jikinta. Kafireto ne ke haɗa mai da iska, kuma bakanike mai sifana da sukudireba da kunne mai kyau yana iya daidaita shi a gindin bishiya. Samfurin wagon, da ya fito a 1971, ya fi tsawo, yana da layin kujeru uku, an kuma ƙarfafa bayansa domin kaya. Shi ne ya zama motar tasha daga Sakkwato har Yola, ya tsallaka ya riƙe hanyoyin Maraɗi da Damagaram.

Sai batun biya. A 1974 hukumar da Jerome Udoji ya jagoranta ta miƙa rahotonta kan aikin gwamnati, aka ƙara albashi, aka kuma biya ƙarin na watannin baya a dunƙule a farkon 1975. Kuɗin ya faɗo hannun ma'aikata a daidai lokacin da motocin farko ke fitowa daga Kakuri da kuma masana'antar Volkswagen ta Legas. Ban da wannan, ma'aikacin da ya kai wani mataki yana da haƙƙin rancen mota daga gwamnati, ana cira daga albashinsa cikin 'yan shekaru, ana ba shi alawus na wata-wata domin kula da ita, da kuɗin mil idan ya yi tafiyar aiki. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a cikin baƙar Mercedes ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta riƙi manufar rage ƙawa, ta mayar da 504 motar jami'anta. Daga kwamishina zuwa ɗan sanda zuwa malamin gona, kowa Fijo.

Amfanin wannan ga mai dogon zango ya wuce abin da ido ke gani. Motar da dubban ma'aikata suka saya sabuwa a bana, ita ce za ta cika kasuwar motocin hannu nan da shekara huɗu ko biyar, da tarihin da aka sani, sau da yawa ma da mai ita na farko da za a iya zuwa a tambaya. Motar gwamnati takan gama wa'adinta a yi gwanjonta, ɗan kasuwa ya saya ya yi shekaru da ita, ta faɗa hannun direban haya, ta ƙare a hanyar kasuwar ƙauye tana ɗaukar abin da ko mai ƙera ta bai yi mafarki ba. Tun da kuma mota iri ɗaya ce ta cika ƙasa, kayan gyaranta suna ko'ina: a Ƙofar Ruwa ta Kano, a Panteka ta Kaduna, har a rumfar bakin tasha a Funtuwa ko Kwantagora. Yaron gareji yakan buɗe ido ya ga 504, ya ƙare shekarun koyon sana'arsa a ƙarƙashinta. Direban da fanbel ya tsinke masa a Damaturu bayan la'asar yana iya yin isha'i a Maiduguri. A ganina a nan arahar 504 take, a ƙarancin kwanakin da take yi ba ta aiki, kuma wannan ba a rubuce yake a takardar farashi ba.

Aibinta sananne ne, tana shan mai. Sai dai a wancan lokaci ba aibi ba ne mai hana barci. Litar fetur kwabo 15 da ɗoriya ce a 1978, ta koma kwabo 20 a 1982.

Da rance ya ƙare

Tsarin ya fara tsagewa tun kafin sojoji su miƙa mulki a 1979, lokacin da aka soke rancen mota da alawus ɗinsa domin tsuke bakin aljihu. Ana iya gane zafin abin daga yajin aikin gama-gari na Mayu 1981, ƙarƙashin jagorancin Hassan Sunmonu: cikin buƙatun ƙungiyar ƙwadago, tare da mafi ƙarancin albashi na naira 300, har da maido da rancen mota. Daga ƙarshe doka ta tsayar da naira 125. Amma farashin ɗanyen mai a duniya ya riga ya juya baya, gwamnatin Shagari ta shiga tsimi a 1982, masana'antar Kakuri ta fara jiran sassan da babu kuɗin wajen biyansu.

Sai 1986. Shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, wanda kowa ya sani da SAP, ya sa aka fara gwanjon kuɗin waje a watan Satumba, kuma a zaman farko dala ɗaya ta haura naira 4. Zuwa 1993 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. A nan aka ga inda gizo ke saƙa: masana'antun da ake alfahari da su harhaɗawa suke yi, sassa mafi tsada daga waje suke zuwa, don haka duk faɗuwar naira sai ta bayyana a farashin mota, alhali albashi yana tafiyar hawainiya. Volkswagen ta Legas, da Leyland ta Ibadan, da Steyr ta Bauci, da masana'antar manyan motocin Fiat ta Kano, duk suka shiga dogon suma. Kakuri ta rayu ne saboda gwamnati ba ta daina saye ba. Bankuna kuwa, da aka sakar musu mara, sun kai kuɗin ruwa sama da kashi 20 cikin ɗari, ga shi da yawa daga mutanen Arewa ba sa kusantar bashi mai ruwa ko da kaɗan ne, saboda hukuncin riba. Sabuwar mota ta fita daga lissafin mai albashi, ba ta kuma koma ba har yau.

Hanyar Kwatano

Tsofaffin motocin Turai ne suka cike giɓin. A unguwar Heyvaert ta babban birnin Beljiyam ake tara motocin da Jamusawa da Faransawa da mutanen Holan suka gaji da su, a loda su a tashar Antwerp, su sauka a Kwatano. Shi ya sa har gobe idan an ce mota ko inji Beljiyam ne, ana nufin an more shi a Turai amma bai ɗanɗani wahalar Nijeriya ba. Yarbawa suka ce tokunbo, wato abin da ya tsallako teku. Jamhuriyar Benin ta mayar da wannan ciniki hanyar samun kuɗin shiga, domin harajinta bai kai na Legas ba, tasharta kuma ta fi saurin sallama. Motoci da yawa akan rubuta cewa Nijar za su, su bi ta Parakou zuwa Malanville, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya, su wuce Dosso zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi, sannan su gangaro kudu ta Illela ko Jibiya, wasu ta ƙofa, wasu ta ɓarauniyar hanya cikin dare. Motar da za ta yi aikin Kano zuwa Kaduna takan fara da tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga fasinjan farko.

'Yar Kwatano ba ta san rance ba. Kuɗi hannu ake saye, a sefa ko a dala, ga la'adar dillali, ga ladan direban da zai kawo ta, ga na kwastan ko na wanda zai kau da kai. Mutum yakan haɗa kuɗin ne ta adashi, ko sayar da gona ko shanu, ko kuɗin sallama bayan ritaya. Wanda yake tari ta wannan hanya, naira kuma tana zuba a hannunsa kamar ruwa a kwando, ba shi da sararin tambayar wace mota ce za ta kai shekara goma. Tambayarsa ita ce wacce kuɗin nan zai saya yau.

Volkswagen Golf ta uku, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ƙarama ce marar nauyi, ba ta shan mai kamar Fijo, ga gudu. Ta mamaye hanyoyin Katsina da Zariya da Gusau. Sharan, da ta fito a 1995 da kujeru bakwai, ta gaji aikin 504 wagon kai tsaye. A ɓangaren bas, Toyota Hiace ta ture J5, musamman samfurin 2004 da ake kira Homa. Golf da Sharan tayoyin gaba ne ke jan su, gindinsu a ƙasa, an ƙera su domin titunan da ba su san rami ba. Kanikawa suka shiga yi musu kwaskwarima: a ɗaga sifirin, a cire na'urar feshin mai ta lantarki a dasa kafireto, a zare abin da ke daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye. Wasu dabarun hikima ce, wasu kuwa asara ce da ake yi wa kallon hikima, domin injin da aka hana shi kaiwa zafin da aka ƙera shi a kai yana ƙara shan mai, yana kuma saurin cinyewa.

Mai sayen 'yar Kwatano yana sayen abin da bai sani ba. Agogon kilomita ana mayar da shi baya cikin 'yan mintoci, har ya zama gogaggun masu saye ba sa kallonsa. Sun fi yarda da cinyewar robar feda, da sheƙin sitiyari, da launin hayaƙin salansa idan an tayar da inji da sanyin safiya. Da kasuwa ta karkata ga motocin Amurka bayan shekara ta 2000, su Corolla da Camry da Honda Accord, sai wata matsalar ta ƙaru: da yawansu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, a gyara a fesa fenti, agogonsu kuma mil yake ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6. Duk da haka Toyota ta kafa irin daular da Fijo ta taɓa kafawa, kuma ta hanya ɗaya, wato yawa. Ma'aikatan da suka koma Abuja bayan ƙaurar babban birni a Disamba 1991, suka bar iyali a Kaduna ko Kano ko Jos, suna zirga-zirga duk Juma'a da Lahadi, sun gano cewa Corolla tana da bakanike a kowane gari, ba ta wasa da mai, kuma ranar da za a rabu da ita ba ta kwana a hannun dillali.

Abin da ya fi komai nauyi a wannan zamani shi ne yadda biya kaɗan-kaɗan ya dawo ta bayan gida. Da yawa daga direbobin tasha ba su ne masu motocin ba. Mai kuɗi yakan sayi mota ya ba direba bisa ɗayan sharaɗi biyu: ko ya riƙa kawo balas kullum ko duk mako, mota tana nan ta mai ita, ko kuma a ɗora riba mai kauri a kan farashin, a yanka masa wa'adi, idan ya cika ta zama tasa. Shaidu su ne shugabannin tasha da wani dattijon unguwa. Takarda, idan akwai, ba ta wuce shafi ɗaya ba. Dokar 1965 tana nan a littafi, amma direban da aka karɓe wa makulli bayan ya biya kashi huɗu cikin biyar ba kasafai yake sanin hanyar kotu ba. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai wannan irin bashin a kan totur yake zama. Wanda ake jira da balas da yamma, bayan ya biya kuɗin ƙungiya da na 'yan kamasho da na shingayen hanya, shi ne yake sa mutum biyu a kujerar gaban Golf, huɗu a baya, ya bar but a buɗe an ɗaure kaya da igiya, ya ƙara sawu ɗaya bayan magariba, ya ɗaga canjin taya da na baƙin mai zuwa wani makon. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma tun daga lokacin take fama da gudu da lodin wuce kima. Ba na jin za a fahimci taurin wannan fama sai an dubi yarjejeniyar da ke tsakanin direba da mai mota, domin a can ake yanke gudun da za a yi.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin toshe hanyar Kwatano. A 2013 aka fito da manufar da ta kai kuɗin fito kan ƙananan motoci kashi 70 cikin ɗari domin farfaɗo da masana'antun gida, daga Janairu 2017 aka haramta shigo da mota ta iyakokin tudu, a Agusta 2019 aka rufe iyakokin na fiye da shekara. Kowane mataki ya ƙara wa mota tsada, babu wanda ya maido da rance. Ita kuwa Kakuri, manufar 2003 ta biyan ma'aikata kuɗi maimakon saya musu motoci ta rage mata babban mai saye. Aka harhaɗa 504 ta ƙarshe a 2006, shekara 38 bayan fitowarta, aka sayar da hannun jarin gwamnati, zuwa 2012 bashi ya kai kamfanin hannun hukumar AMCON.

Lissafin da ya juye

Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ya buɗe wata ƙofa: banki ya sayi mota ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, a biya kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba. Wannan ya cire wa mai albashi da ɗan kasuwa mai asusu ƙaya. Direban da kuɗinsa ke shiga aljihu da yamma ya fita da safe, ba shi da takardar albashi, yana nan a hannun ubangidansa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da dama. An kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500, farashin mota a Kwatano da kuɗin kwastan suka ninka a lokaci guda.

A ɗauki direba mai kilomita 140,000 a shekara, a ƙaddara masa motoci biyu, ɗaya tana shan lita 12 a kilomita 100, ɗaya lita 8. Bambancinsu a shekara lita 5,600 ne. A farashin 1982 wannan naira 1,120 ne, albashin wata tara na ƙaramin ma'aikaci a lokacin. Kuɗi ne, amma ƙarko da sauƙin gyara suna iya rufe shi. A naira 900 kan lita, bambancin ya haura naira miliyan 5, wato albashin shekara shida a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Babu ƙarkon bodin da zai cike wannan rami. Da 504 za ta dawo yau sabuwa fil, da duk nagartarta, ina shakkar tasha ta karɓe ta. Hatta motoci masu silinda shida da aka yi yayi, an wayi gari masu su suna neman kai da su.

Sai dai motar da ta fi tsimin mai ita ce ta fi tsadar saye, domin ta fi sabunta, ta kuma fi dogara ga na'urorin da sai da kwamfuta ake gane ciwonsu. Wanda zai fi kowa cin ribarta, wato mai tafiya kullum, shi ne wanda ba shi da kuɗinta a dunƙule, ba shi kuma da mai ranta masa. Haka abin yake a batun iskar gas da gwamnatin tarayya take tallatawa. Gas ya fi fetur sauƙi nesa ba kusa ba, amma juya mota ta koma amfani da shi yana son kuɗi a dunƙule, ga tukunyar da ke cinye rabin but, inda direba ke samun kuɗin kaya. Gidajen sayar da shi sun fi yawa a Kudu da Abuja. Bututun da zai kawo shi Arewa, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, a 2020 aka fara shimfiɗa shi. Tukunya ɗaya ba ta kai mota daga Kano zuwa Maiduguri, don haka direban wannan hanya, ko ya juya motarsa, muddin babu wurin cikawa a tsakani sai ya koma kan fetur tun kafin ya hango Potiskum.